Mai Farin Kayan da Mama Ta Gani a Hanyar Agadas

Daga mai kula da zaure: wata ƙanwarmu ce ta turo wannan daga Arlit, ta roƙi a sakaya sunanta. Na bar shi yadda ta rubuta. Yarinya ce, a yi mata magana da hankali.

Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure, ina gaishe ku da aiki. Don Allah ku ba ni shawara, don abin da ke raina ya kai inda ba na iya karatu, in na buɗe littafi sai in ga layi ɗaya nake ta maimaitawa, kuma ba ni da bakin da zan faɗa wa kowa ido da ido. Ni dama ba mai magana ba ce, a aji ko na san amsa ba na ɗaga hannu, shi ya sa na zo sibar, shagon intanet, na zauna a injin kwamfutar da ke lungu, wanda maɓallansa ke maƙalewa saboda yashi, ina rubuta muku. Tun farko in faɗa muku ni Kirista ce. Na san yawancinku Musulmi ne, ban zo neman gardama ba, ba kuma wanda zai ce mini in bar addinina nake nema ba, na zo ne don a majami'armu kowa ya san kowa, in na buɗe baki yau gobe magana ta kai kunnen Mama.

Asalinmu wani ƙauye ne kusa da Maraɗi, amma ni a nan aka haife ni. Babana yana aikin ƙarƙashin ƙasa a mahaƙar yuraniyom ta Akokan, ni kuma ina ajin ƙarshe na kolej, bana zan yi jarrabawar fita, birebe. Majami'armu ƙarama ce, ɗakin kwano, akwai mutanen Maraɗi da na Dogonduci, da 'yan Togo da Benin da suka zo aikin kamfani. Bara Mama ta haihu, namiji, bayan ta daɗe tana roƙo, bai jima ba ya koma. Daga ranar Mama ta kwanta. Ba ciwon da likita ya gani, amma ta daina kitso, ta daina shiga kicin, ita da ke ja wa mata waƙa ranar Lahadi ta daina ko amsa amin. Tana kwance ta juya fuska bango, har na san wurin da fentin bangon ya goge saboda goshinta. Da hutun Nowel, wato Kirsimeti, ya zo Baba ya ce in kai ta gida wajen Kaka ko za ta ji sanyi, shi ba a ba shi hutu ba. Muka je muka dawo, ba abin da ya canja, sai a hanyar dawowa ne abin da zan ba ku labari ya faru.

Waɗanda ba su san nan ba, tun da tawaye ya dawo ba a bin hanyar Agadas zuwa Arlit sai a ayari, abin da muke kira konbuwa, motoci a jere, sojoji a gaba da can baya. Akwai wuraren da kwalta ta cinye, sai yashi, kuma a irin wuraren ake binne nakiya. Don haka doka ɗaya ce kowane direba ya sani, tayarka ta hau sawun tayar na gabanka, ba a wuce juna, ba a kaucewa. Ko fitsari ne ya kama mutum, a cikin sawun zai tsuguna bayan mota, mata su kare shi da zane ko su kau da kai. Motarmu irin ƙananan na haya ce, tsohuwa, kuma tun daga tashar Agadas na ga ruwa na ɗiga a ƙarƙashinta, ya yi ɗan tabo a ƙasa. Duk inda ayari ya tsaya direbanmu sai ya ƙara mata ruwa, har ruwansa ya ƙare. Mama tana tsakiya, ta lulluɓe kanta da zane, idonta rufe. Ni ina kujerar baya, jikin taga.

A wani wuri mai yashi motar ta fara hayaƙi, farin tururi ya rufe gilashin gaba, direba ya tsaya. Waɗanda ke gabanmu suka ci gaba, ba su lura ba, waɗanda ke bayanmu suka tsaya dole tunda ba a wucewa, aka fara oda. Motar da ke bayanmu kai tsaye kamiyo ce, babbar motar kaya, ɗauke da siminti. Direbanta ya sauko da bidon ɗin ruwa, wato jarka, a hannu, ya biyo sawun taya a hankali, yana dafa jikin motarmu, har ya zo gaba. Farar riga ce a jikinsa, doguwa, aljihunta na ƙirji da tabon tawada shuɗi. Direbanmu ya kai hannu zai buɗe murfin ruwan injin, sai mutumin ya ɗaga hannu ya ce, "Kai, kar ka buɗe, ɗan'uwa, za ta ƙone maka fuska! Wannan ai ba mota ba ce, butar shayi ce." Mutane suka yi dariya duk da tsoro. Ni na gane shi tun yana saukowa. Mahaifin yarinyar da muke zama benci ɗaya ne a aji, zan kira ta Rakiya, ba sunanta ke nan ba. Mutanen Tawa ne, sun zo garin nan da aka fara maganar aikin sabuwar mahaƙa a Imuraren, wani lokaci yakan sauke ta a bakin makaranta. Da ya juyo zai koma shi ma ya gan ni ta taga, ya ce, "Ke, ba ke ce ɗiyar ajin su Rakiya ba? Ki gaishe min da ita, ki ce mata sai jibi, sai na sauke kayan ga Imuraren." Na ce to, a hankali, ban san ko ya ji ba.

Injin bai huce ba, na gaba kuma sun yi nisa har ƙurarsu ta fara ɓacewa, sojojin baya ba a ko hango su. Mata suka fara salati, wani ya ce haka ake tare mutane, in ayari ya rabu biyu. Sai direbanmu ya bi shi har bakin kamiyo yana roƙonsa, don Allah ya kewaye mu ya cim ma na gaba ya gaya wa sojoji mun tsaya. Da kunnena na ji, don a bayan tagata suke. Mahaifin Rakiya ya ce a'a da farko. Direbanmu ya ce akwai mata da yara. Mutumin ya tsaya ya dubi yashin da ke gefe, ya shafa gemunsa, ya ce Bismillah, ya hau. Ya wuce ta gefena, na ga carbi na lilo a madubinsa. Ya yi gaba da ɗan nisa, yana shirin komowa kan sawu, sai muka ji ƙarar. Ba zan rubuta abin da na gani bayan nan ba. Abin da nake so ku riƙe shi ne, da sojoji suka zo suka gama dubawa, direbanmu ya zuba ruwan bidon ɗin da mutumin ya bar mana, mota ta tashi, muka bi sawun nan dai da muke kai tun farko, muka wuce ta gefen kamiyon, ba abin da ya same mu. Nakiyar ba a kan hanyarmu take ba. A gefe take, inda ba wanda zai taka da ba mu tsaya ba.

Da muka isa gida Mama ta yi abin da ta daɗe ba ta yi ba, ta nemi ruwa da bakinta, ta sha, ta zaunar da Baba ta ba shi labari. Ta ce tana cikin addu'a a zuciyarta, tana ce wa Allah in ya manta da ita to ya ɗauke ta kawai, sai ta ji mota ta tsaya, ta buɗe ido, ta ga wani mutum cikin farin kaya tsaye a gaban mota cikin hayaƙi, ya ɗaga hannu, sai tsoro ya kama ta ta sake rufe ido, ba a jima ba ta ji ƙara. Duk abin da ta faɗa ranar gaskiya ne, haka ta gani. Amma da ta faɗa a zumuntar mata, labarin ya fito da ƙari, wai motar ta tsaya ba dalili. Sati na gaba wata 'yar Togo ta ce mini ashe fuskarsa na haske. Daga baya aka ce ya ɓace a idon mutane. A kasuwa wata mai tumatir da ba ta san ni ba ta ba ni labarinmu, wai direba ya yi ta murɗa makulli mota ta ƙi tashi sai da nakiyar da ke gabanta ta fashe, sannan ta tashi da kanta. Abin da ya fi ba ni tsoro, yanzu Mama da kanta haka take faɗa, da hasken da ɓacewar duka, kuma ba ƙarya take yi ba, na kalli idonta, tana ganin abin ne yayin da take faɗa. A cikin motar nan mu biyu ne kaɗai Kirista, sauran matafiya ne kowa ya kama gabansa, direban ma an ce ya koma kudu bai ƙara hawa hanyar ba. Wata Lahadi Pasto ya tambaye ni a gaban jama'a ko ni ma na ga mai farin kayan, na ɗaga kai alamar e, kafin in haɗa wata kalma an buga ganga an fara waƙa.

Kuma ku sani, Mama ta tashi. Ta yi kitso, ta share ɗaki, ta koma jan waƙa, muryarta har ta fi ta da. Tana cewa Allah ya karɓi ɗanta amma ya aiko ya nuna mata bai manta da ita ba. Wata rana Baba ya dawo daga aiki ya tarar tana tuƙa tuwo tana waƙa, ya tsaya a ƙofa da takalmin aikinsa a hannu, ya daɗe bai shigo ba, sannan ya ce mini ƙasa-ƙasa, "Kin ga uwarki ta dawo mana." Sau ɗaya na gwada faɗa wa Mama gaskiya. Muna gyaran wake na ce, Mama, ai motar nan tun daga Agadas take yoyo. Ta ajiye faifai ta ce boko ya fara cinye mini zuciya, wai Allah da ya yi sama da ƙasa ba zai iya aiki da yoyon mota ba, wai ita da ta haife ni nake so in mayar maƙaryaciya. Ban ko kai ga maganar mai farin kaya ba. Ta shiga ɗaki ta kwanta, ta juya fuska bango, daidai wurin da fentin ya goge, ba ta fito ba sai la'asar. Da Baba ya ji ya kira ni waje ya ce shi bai san abin da ke bakina ba kuma ba ya son sani, in haɗiye shi.

Da na haɗiye, don ni haɗiye magana ba ya mini wuya. Amma akwai Rakiya. Ta dawo makaranta bayan zaman makoki, ta rame, tana zaune a gefena kullum, gwiwar hannunta na taɓa tawa. A gari abin da ake faɗa shi ne mahaifinta ya yi gaggawa, ya ƙosa da jira ya bar sawu, abin da ko sabon direba ba ya yi. Mai kamiyon, ubangidansa, haka yake faɗa a tasha, har wani yaro a ajinmu ya faɗa a gabanta, wai ganganci ne. Uwarta tana takaba ba ta fita, amma magana tana shiga gida ta same ta. Wata rana lokacin hutun tara, kowa ya fita, Rakiya tana taunar murfin bironta, ta ce mini, "An ce kina cikin konbuwar." Na ce ina ciki. Ta ce, "Abba ba ya gaggawa. Ko shayi sai ya huce yake sha, har Inna na yi masa tsiya." Ta ce ita ta wanke masa farar rigarsa kafin tafiyar, ta yi ta cuɗa aljihun tabon tawada ya ƙi fita, ya ce ta bari, ai shi ne shaidar shi ma ya yi boko. Ta yi ɗan murmushi, sannan ta ce, "Na ji ana cewa ku mala'ika ya tsaya muku. To shi Abba fa?" Ba da faɗa ta faɗa ba, tambaya ce kawai. Sai ga mushe, wato malaminmu, ya shigo, na buɗe littafi. Ba ta sake tambaya ba, amma wani lokaci ina jin tana kallona.

Yanzu ga inda abin ya shiga addinina, wanda shi ya fi hana ni sukuni. Muna shirin Paska, bikin tashin Yesu daga matattu, sai aka ba mu matasa mu karanta labarin safiyar da mata suka je kabari suka tarar ba kowa. Marubuta huɗu ne suka ba da labarin, ni kuma halina ne in jera abu in duba. Ɗaya ya ce matan sun ga wani saurayi cikin farin kaya yana zaune, bai ce mala'ika ba. Wani ya ce mala'ika ne ya sauko da haske kamar walƙiya. Wani ya ce su biyu ne. Tun ina ƙarama nake jin waɗannan ban taɓa jin komai ba, amma ranar sai da na tsaya na sake karanta su. Na ce a raina, mu daga Nowel zuwa yau, a gari ɗaya, mutum mai tabon tawada a aljihu ya zama mai fuskar haske, kuma ba wanda ya yi niyyar ƙarya, to su fa da aka rubuta nasu bayan shekaru masu yawa, bayan ya bi ta baki da baki, gari da gari? Na kuma karanta labarin wani manzo da aka kulle a kurkuku, mala'ika ya zo ya kwance masa sarƙa ya fitar da shi, jama'a suka yi murna. Sau da yawa an yi mana wa'azi da shi. Amma a ƙarshensa akwai wani ɗan layi da ban taɓa jin an karanta da ƙarfi ba, wai da gari ya waye sarki ya sa aka kashe masu gadin. Na daɗe ina kallon layin. Masu gadin nan ai suna da 'ya'ya, wataƙila wata ta wanke wa ɗaya riga.

Na tara ƙarfin hali na tambayi Pasto, ranar muna jera benci ni da shi. Mutumin kirki ne, bai tsawata mini ba, ya ce, "'Yata, zauna." Ban gaya masa na hanya ba, na littafi kawai na tambaya. Ya ce in shaidu huɗu suka zo gaban alƙali suka faɗi magana iri ɗaya kalma da kalma, alƙali zai gane an koya musu ne, bambancin shi ke nuna ba su haɗa baki ba, kuma duka sun yarda a kan abu ɗaya, kabari ba kowa. Ya ce lokacin da aka fara ba da labaran nan waɗanda suka gani da idonsu suna raye, da an yi ƙari da sun yi magana. Ya ce mutanen nan an daure su an kashe su ba su janye ba, mutum ba ya mutuwa a kan abin da ya san ƙarya ne. Ya ce kuma mu'ujiza ba wasan ban mamaki ba ce, alama ce, kamar yatsa mai nuni, wanda ya tsaya yana auna yatsan ba zai ga abin da ake nuna masa ba. Na ce to masu gadin fa. Ya ɗauki littafin ya nemo wurin, ya karanta da leɓɓansa ba sauti, ya cire tabarau ya goge, ya ce gaskiya bai taɓa tsayawa a kan layin nan ba, zai yi tunani.

Amsoshinsa na tafi da su gida ina juya su, wasu sun kwantar mini da rai, wasu sun ƙara tayar da shi. Mama ma ai za ta yarda a kashe ta a kan mala'ikanta, kuma ba ƙarya ta sani ba. Kuma maganar cewa masu gani da ido suna raye da sun yi magana, to ga ni, ina raye, na gani da idona, a benci na biyu nake zama kowace Lahadi, ban ce komai ba. Sai in riƙa tunanin ko a wancan zamanin ma akwai wata yarinya irina a bakin taga, wadda ta san sunan mai farin kayan, ta dubi fuskar uwarta ta yi shiru. In na kai nan sai tsoro ya kama ni in roƙi gafara. Amma kuma akwai ɗaya gefen, kada ku ɗauka na daina ba da gaskiya. Ruwan da ya kawo mu Arlit na mahaifin Rakiya ne. Shi kaɗai ya sauko cikin duk motocin da ke bayanmu. In Allah yana aiko da manzo, me zai hana ya aiko mutum mai gemu da carbi? Kuma matar da ta kwanta kamar gawa na ga ta tashi tana waƙa, wannan da idona na gani, yoyon mota bai isa ya bayyana mini shi ba. Sai dai in haka ne, an aiko shi ya mutu ke nan don Mama ta tashi? Wannan ne ba na iya haɗiyewa, kuma shi nake jin kunyar ɗaga ido in kalli Rakiya a kansa.

Abin da ya sa na rubuto yau, Lahadi mai zuwa ce Paska, kuma Pasto ya ce ni zan tsaya in ba da shaida bayan Mama. Za a ɗauka a kaset a aika majami'un kudu, don su ji abin da Allah ke yi mana a nan cikin wannan tashin hankali. Ya ce an fi son tawa saboda ni ce ke bakin taga, kuma kowa ya san ni ba mai ƙarin magana ba ce. Mama ta ɗinka mini sabuwar riga, jiya ta gwada mini, tana riƙe da allura a baki tana cewa in ɗaga murya kada in yi irin maganata ta cikin wuya. Na yi tunanin in ce ba ni da lafiya, amma za a ɗaga zuwa wata Lahadin ne kawai. Na yi tunanin in tsaya in faɗi iya abin da ba ƙarya ba, na ga mutum cikin farin kaya, ya ɗaga hannu, in yi shiru, su cika sauran da kansu, amma na san abin da za su cika, kuma kaset ɗin zai tafi da muryata a ciki. In kuma na faɗi duka, cewa mutum ne, Musulmi, sunansa wane, direbanmu ne ya roƙe shi ya bar sawu saboda mu, nakiyar kuma ba a gabanmu take ba, to ina tsoron Mama ta koma bango, wannan karon ba ta juyo ba, kuma ni ce zan zama na kwantar da ita a gaban jama'a ranar idi. Na yi tunanin in gaya wa Rakiya ita kaɗai a ɓoye, amma ai ba za ta riƙe ba, ba ma daidai ba ne in ce ta riƙe, dole ta kai wa uwarta, dole su wanke sunansa a tasha, garin nan kuma ƙarami ne, kafin sati magana ta shigo gidanmu ta bakin wani. Kuma ban san ko za ta ƙara zama kusa da ni ba in ta ji saboda motarmu ne.

Don Allah iyayena da yayyena, ku da kuka fi ni shekaru, Musulmi da Kirista in akwai, ku ma ai kun yarda Annabi Isa ya warkar da makafi da izinin Allah, kun san yadda mutum ke riƙe irin wannan labari a zuciya. In abu ya tayar da mutum daga kwance amma ba haka ya faru ba, wanda ya sani wajibi ne ya faɗa? In fara zuwa wajen Pasto in gaya masa duka kafin Lahadi, ko in fara da Mama mu biyu a ɗaki, ko Rakiya ce ta fi kowa haƙƙin ta fara ji? Akwai hanyar da zan mayar wa mutumin nan sunansa ba tare da na ƙwace wa Mama abin da take tsaye a kai ba? In akwai wanda ya taɓa ganin uwa ta shiga irin halin da tawa ta shiga, ya gaya mini gaskiya, za ta iya ɗauka?

Lokacina na injin ya kusa ƙarewa, mai sibar ya leƙo. Zan dawo ranar Juma'a bayan an tashi makaranta in karanta abin da kuka ce. Gobe da safe kuma zan zauna a bencin nan kusa da Rakiya, gwiwar hannunta na taɓa tawa. Mahaifinta ya ba ni saƙo in kai mata, ya ce in gaishe ta, in ce mata sai jibi, na ce to. Har yau gaisuwar tana wurina. Ku gaya mini yadda zan yi in kai ta.